Hutun da Kabo Ya Ba Ɗanladi

Kaikai, 5 ga Sha'aban, 1374

"Yaya, ki ba ni shi kwana arba'in rak. Ranar arba'in ɗin ni da kaina zan koro shi har ƙofar gida da ƙafafunsa huɗu, ya riga Jatau shiga gona."

Kabo, wannan maganarka ce. Na sa ta a sama kafin gaisuwa don kada ka ce aiki ya taso ba ka kai wurin ba. Ka faɗe ta a tsakar gidana kana tsugune gaban sana Ɗanladi, hannunka a kan ƙwaurinsa, ɗana Shehu yana tsaye yana ji.

To yanzu gaisuwa. Daga yayarka Haulatu zuwa ga ƙanena Malam Kabo, malamin dabbobi a Kankiya. Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Ina fata kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zafi? Mu nan lafiya lau muke, sai bazara da ta sa mu gaba, rijiyar unguwa ta ja baya har sai an ƙara igiya.

Bayan haka, yau kwana hamsin da huɗu ke nan tun da motar Bature ta ɗauke Ɗanladi. Na san ka iya ƙidaya, ni na koya maka da tsakuwa.

Bari in tuna maka yadda aka yi, tun da ga alama ku ma'aikata sai an rubuta abu kuke yarda ya faru. Shehu yana kai taki gona da keken shanu, ƙafar Ɗanladi ta baya ta hagu ta faɗa ramin dabgi, ƙwaurin ya tsage. Na riga na aika Kusada an kira Babba maɗori, har ya zauna ya fara fere kara, sai ga ka a kan basukur, keken hawan nan naka, da wandon kaki. Ka ce Baturenku, wanda kuke kira Mai-Awo, yana tara shanu masu karaya a garkensa na bayan gari, yana yi musu wani ɗauri mai daskarewa kamar dutse, don yana so ya gane abin da ke maido da tsoka bayan an kwance. Na tambaye ka, in yana so ya gane, ashe bai gane ba ke nan tukuna? Ka yi dariya ka ce Yaya ba ta sake hali ba. Na ba Babba haƙuri, ya tattara karansa ya tafi ko ruwan gidana bai sha ba. Har yau in Shehu ya gaishe shi a kasuwa sai ya tambaye shi ko san namu ya fara jin Turanci.

Duk Kaikai ta fito kallon sa a mota ranar nan. Mai Gari kansa bai taɓa shiga mota ba. Na ji ana ta cewa Haulatu ta yi sa'ar ƙane. Ni ma na yarda a lokacin.

Ba don ado nake neman sana ba. Ɗayan san, Jatau, ba ya jan garma shi kaɗai. Shekara biyu Shehu ya yi yana horon su tare, Ɗanladi ke bin kwarin kunya, Jatau yana bin tafiyarsa. Makon jiya Shehu ya gwada haɗa Jatau da san maƙwabta, kowa ya ja nasa gefen, suka karya itacen wuya. In ruwa ya sauka kuwa babu mai ba da aron sa, kowa gonarsa yake kallo. Gonar da mahaifin Shehu ya bari ta fi ƙarfin fartanya, mun gwada a shekarar da ya rasu, rabi muka huɗe, rabi tumakin gari suka ci ciyawa. Tsofaffi suna cewa bana bayan Sallah da kaɗan za a yi shuka.

Kuma ka san ɗan wace saniya ne. Ita ce ta Inna, wadda ta faɗo a rabona. Ranar Lahadi ta haife shi a hannuna.

Ɗanmaliki ne zai kawo maka wannan, zai kwana biyu a Kankiya da jakunansa. Ka ba shi amsa a rubuce. Ba na son saƙon baki, yana zubewa a hanya. Ka rubuta da ajami ko da boko, duk wanda ya fi maka sauƙi, ni duka ina karantawa. Abu uku nake tambaya: an kwance ɗaurin ko ba a kwance ba, yana taka ƙafar ko ba ya takawa, kuma wace rana ce arba'in a lissafin ofishinku.

Ga daddawa da kuka na ba shi ya kai wa Rabi. Ka gai da ita da yara. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Yayarka,
Haulatu


Kaikai, 19 ga Sha'aban

Zuwa ga Kabo. Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ka tashi lafiya, iyali ma haka. Rabi da jiki, na ji an ce ya yi nauyi, Allah ya raba lafiya.

Na sami amsarka. Layi uku ce, na gode da wahalar. Ka ce sa yana lafiya, yana ci yana sha, yana hutawa. Tambaya uku na yi maka, ka amsa ta huɗu wadda ban yi ba.

Bari in ba ka labarin abu biyu da suka same ni a mako ɗaya, ko kai za ka iya haɗa su, don ni kaina ya gaji.

Ranar Litinin ɗan aiken Mai Gari ya kawo mini takarda daga garkenku, bugun keken rubutu, da hatimi. An rubuta, zuwa ga Haulatu ta Kaikai, mai sa lamba huɗu. Ana yi mini murna cewa sana ya warke sarai, an maido mini shi ranar sha biyu ga wata. Ana roƙo in sanar ko yana ɗingishi, ko ya fara jan kaya, ko yana kumburi da yamma. Na karanta sau biyu. Sannan na fita na duba turken, don ba na son ƙaryata takarda mai hatimi ba tare da na bincika ba. Igiya ce kawai a wurin, da busasshen kashin da ya bari tun wata biyu da suka wuce. Jatau ya dube ni na dube shi.

Na biyu. Ka san Jaji na rugar da ke gabas da mu, mijin Nagoggo mai kawo mana nono. Shekaranjiya ya biyo ta ƙofar gida zai kai shanu rafi, a cikinsu akwai farin san da ya karye mako ɗaya bayan nawa, ƙafa ɗaya ma da ta nawa, ta baya ta hagu. Na ga san nan yana tafe yana turin 'yan'uwansa, sai wanda ya sani zai lura da ɗan ɗingishin da ya rage. Na tsai da Jaji a bakin zaure na tambaye shi.

Ya ce shanu shida ne a garken. Da aka kwance musu ɗauri, uku aka bar su a turke cikin rumfa, uku kuma ana fitar da su safe da yamma cikin rairayin rafi. Da fari taku kaɗan, sannan har gindin tsamiya, sannan a kewaye tsamiyar, daga ƙarshe aka ɗaura musu gungume suna ja. Duk Asabar Bature yana zuwa da igiyarsa mai lambobi ya auna cinya ya rubuta. Jaji ya ce ranar da ya je ya tarar ana korar nasa yana gurnani yana faɗuwa, saura kaɗan ya sa wa wani sanda, ya ce da su don shi Bafillace ne mai bin daji shi ya sa aka zaɓi nasa a wahalar, na masu 'yan'uwa a ofis kuwa an shimfiɗa masa ciyawa. Yanzu kuwa har man shanu ya aika wa makiyayin garken.

Na tambaye shi wane ne na masu 'yan'uwa a ofis. Ya yi dariya ya ce ai Inna Haulatu kin fi ni sani. Ya ce ya ga Ɗanladi da idonsa, yana kwance a inuwa, ga harawa ga angurya ga ruwan kanwa a gabansa, ya yi ƙiba kamar maijego. Da nufin faranta mini rai ya faɗa. Na ce da shi ko maijego in ta yi arba'in tashi take yi.

Kabo, na karanta takardun ɗibbu na Baba tun kana yaro, kuma na ga ɗori ya fi a ƙirga a garin nan. Ban taɓa ganin gaɓar da kwanciya ta ƙara wa ƙarfi ba. Ina roƙon ka, ka gaya mini wane sa ne lamba huɗu, kuma wa aka kai wa shi ranar sha biyu ga wata. Ban amsa takardar Bature ba. Ban san abin da zan rubuta ba wanda ba zai zama ƙarya ba kuma ba zai taɓa ka ba.

Shehu yana gaishe ka. Ya gyara itacen wuya, ya jingine shi.

Yayarka,
Haulatu


Kaikai, 8 ga Ramalan

Zuwa ga ƙanena Kabo. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Ina fata kun dawo daga rangadi lafiya, kuma shanun Sukuntuni sun sami allurarsu.

Tun da kwana goma sha biyar suka wuce babu amsa, ranar Talata na bi jakunan Ɗanmaliki zuwa Kankiya. Rabi ta gaya maka, na sani. Na tashi bayan asuba da azumi a bakina, ban sha ba ko da yake matafiyi yana da dama, don na ce ba zan rama azumi saboda kai ba. Shekarata arba'in da tara, gwiwoyina sun gaya mini hakan tun kafin mu yi rabin hanya. Na tarar kai da Baturenka kun tafi. Rabi ta shimfiɗa mini tabarma, ta yi ta gaisuwa tana maimaitawa, idonta a ƙasa. Ban tambaye ta komai ba. Ba laifinta ba ne, kuma ga ciki.

Da la'asar na je garken. Wani dattijo mai suna Bube, makiyayinku, ya buɗe mini.

Ba zan ɓoye maka ba, daga nesa na yi murna. Ban taɓa ganin Ɗanladi da tozo irin wannan ba, fata tana sheƙi. Sai da na zagaya ta bayansa. Kabo, ka dubi ƙafar nan kuwa a kwanakin nan, ko harawa kawai kake zuba masa ka wuce? Ƙashin ya haɗu, na shafa na ji, ɗaurin Bature ya yi aikinsa. Amma cinyar ta tafi. Fatar tana reto kamar salkar da aka tsiyaye. Na tsinko igiyar rama na zagaya cinyar dama na ƙulla, na zagaya ta hagu na ƙulla, tsakanin ƙulli da ƙulli tafin hannuna ya shiga har da saura. Gwiwar ta sandare a lanƙwashe. A kwatangwalon da yake kwanciya a kai gashi ya tuje, gyambo ya fara. Kun ƙara masa nauyin jiki, kun rage masa abin ɗaukarsa.

Sai na dubi ƙahonsa. An rubuta biyu da jan fenti. Na tofa yawu na goga da bakin zanena, a ƙarƙashi ga inuwar huɗu tana nan.

Bube bai so ya yi magana ba. Na ce da shi ni da shi duk muna azumi, kuma duk mun kusa kabari fiye da Kabo, ya gaya mini. Ya zauna a kan komin ruwa ya faɗa.

Ya ce ranar da aka kwance ɗauri, Bature ya rubuta lambobi shida a 'yan takardu ya zuba a hularsa ya sa aka zara, don kada a ce an zaɓa. Huɗu ta faɗo cikin masu tafiya, biyu kuwa, lambar san Jaji, cikin masu kwanciya. Washegari aka fitar da Ɗanladi rairayi, ya yi taku biyu ya durƙusa a kan gwiwa yana nishi. Ya ce kai ka juya baya ka rufe fuska da hula. Ka ce wannan san Yaya ne, ita ta raine ka, ba za a ja shi a rana kamar jakin haya ba alhali kana da rai. Da Bature ya tafi cin abinci ka ɗauko kananzir da tsumma, ka goge ƙahon Ɗanladi da na san Jaji, ka musanya musu lamba. Dukansu farare ne, dukansu ƙafar hagu. Bube ya ce Bature yana iya gane bambancin yatsa ɗaya a kaurin cinya, amma farin sa da farin sa duk ɗaya ne a wurinsa. Asabar ɗin da ta biyo ya auna, ya sosa ƙeya, ya ce igiyarsa ce ta saki.

Ya ce tun daga ranar kai ne kake zuwa da kanka ka zuba masa angurya, ka gyara masa shimfiɗa, ka hana a tashe shi ko don shara.

Na zauna a ƙasa, Kabo. Ban iya fushi ba a lokacin, ƙishirwa da gajiya sun hana ni. Da a ce da ƙiyayya ka yi mini wannan da na san inda zan sa shi.

Har na miƙe zan tafi Bube ya ce akwai saura. Bayan Sallah da kwana uku, duk san da bai tashi ba za a kira mahauta a yanka, don Bature yana so ya buɗe cinyar ya ga yadda naman ya zama a ciki. Masu shanu an tambaye su tun farko. Mai lamba biyu ya yarda ya dangwala yatsa, wato Jaji, wanda yake da shanu sittin kuma nasa yana rafi yana kiwo yanzu haka. Mai lamba huɗu ba a tambaye ta ba, don kai ka ce ba sai an dame ta ba. Ke nan a takardarku sana yana gida ya warke, kuma za a yanka shi da izinin mutumin da ba nasa ba ne.

Na ce Bube ya kwance mini shi in tafi da abina. Ya ce in rufa masa asiri, babu dabbar da ke ƙetare shingen nan sai da takarda, kuma shi bai da wani abinci sai wannan. Gaskiyarsa. Na ce to ya taya ni mu tashe shi. Shi ya kama wutsiya, ni na kama igiya, muka yi ta fama har zufa ta jiƙa ni. Ya tashi da uku, ta huɗun tana rawa a sama. Na ja shi wajen komi. Taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. A na bakwai ya sa kofaton a ƙasa, ya yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ɗage. A na goma ya sake sawa. Ban tsaya ba, kuma ban ji daɗi ba, kada ka zaci na ji.

Bube ya yarda zai riƙa tashinsa sau biyu a yini a cikin rumfa in babu idon kowa. Wannan ba zai isa ba. Sa da zai ja garma rairayi yake so, da nisa, da gungume, abin da aka yi wa na Jaji mako biyar. Mu kuwa ko mako biyar ɗin ba mu da shi cikakke.

Na kwana ɗaya a gidanka na dawo. Kwana biyu ban iya zama da matan da nake biya wa karatu ba, a kwance nake sauraron haddarsu.

Ban je wurin kowa ba, ban faɗa wa Shehu dukan abin ba. Ina jiran in ji daga bakinka.

Yayarka,
Haulatu


Kaikai, Asabar 15 ga Ramalan

Kabo, gaisuwa da fatan kana lafiya. Azumi ya raba, Allah ya karɓa mana. A gai da Rabi, a ce ta rage ɗaukar tulu.

Takardarka ta iso jiya, shafi biyu gaba da baya, har tawada ta jiƙe a wasu wurare. Na karanta duka. Na yafe maka ɓoyewar da ka yi mini, wannan tsakanina da kai ne, ya wuce. Sauran ba nawa ba ne ni kaɗai balle in yafe.

Ka ce da ka ga Ɗanladi ya durƙusa a rairayi, kanka ka gani kana ɗan shekara bakwai a bayan rumbu. Ban manta ba. Ka faɗo daga ɗorawa cinyarka ta karye, uban Babba ya ɗora ka. Da aka kwance kara Inna ta ce kada wanda ya tashe ka, auta ya sha wahala, a bar shi ya huta. Wata guda ana kai maka fura har shimfiɗa, ƙafar tana komawa kamar sillen kara. Ni ina da sha shida. Kullum in Inna ta tafi rijiya sai in ɗauke ka in kai ka bayan rumbu, in ba ka taɓarya ka dogara, in ce sai ka taɓa bangon can. Ka cije ni a dantse, tabon yana nan. Ka yi shekara kana kirana muguwa, Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba. Ka ce har yau kana jin zafin nan a mafarki, shi ya sa ba ka so a yi wa nawa haka ba. To na ji. Zafin ka riƙe. Amma da wace ƙafa kake taka basukur daga Kankiya zuwa Sukuntuni?

Ka roƙe ni in yi haƙuri har bayan Sallah, za ka san dabara. Ka ce ko ka samo wani gurgun farin sa a kasuwa ka shafa masa biyu a yanka a madadinsa, ko ka ce da Bature ya mutu an binne. Kabo, kai da ka karanta babin amana a gaban Baba. Ka goge ƙaho, ka aika mini takardar ƙarya da hatimi, yanzu kuma ta uku kake shiryawa don ta rufe biyun. Kuma duk ranar da kake neman dabara rana ce da yake kwance. Ko an tsame shi daga wuƙa bayan Sallah, me zan yi da sa mai ƙafa uku? Sai in kira mahauta da kaina.

Ka ce in Bature ya sani aikinsa na shekara ya lalace. Ban ga haka ba. Abin da ya fito nema ya gani: uku da aka kora sun tashi, uku da aka lallaɓa suna kwance. Da ya sayi goro ya je Kusada da Babba ya gaya masa wannan a zama ɗaya. Amma ba na raina shi. Shi yana aunawa yana rubutawa, kuma akwai mutanen da ba za su taɓa yarda da Babba ba sai da takarda, kai ma kana cikinsu. To a bar takardar ta zama gaskiya. In ya rubuta awon wani sa a kan sunan wani, ya koya wa malamai irinka, su ma su koya wa wasu, alhakin yana wuyanka. Ka kuma gaya masa akwai shanu biyu kwance kusa da nawa, su ma suna da masu su da gonaki. Ya riga ya sami amsarsa, ya tashe su.

Ka ce zai kore ka, ga Rabi a wata takwas. Mai yiwuwa ne. Tun kafin ka faɗa nake juya wannan, shi ne ma ya sa ban rubuta masa ba tun ranar da na dawo, alhali takardarsa tana nan a cikin tasa tana jiran amsa. Ina ganin mutumin da ya zo da ƙafarsa ya ce na yi kuskure don tausayi ya fi samun sauƙi a kan wanda aka kama. Ban yi maka alkawarin zai bar ka ba, ban san halinsa ba. Na dai san nawa ya ƙare. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas har muka kwashe shanya, ya watse bai zuba ba. Duk da haka Shehu ya fitar da iri ya shanya.

Ga abin da na yanke. Ɗanmaliki zai ba ka wannan gobe Lahadi. Kana da Litinin, Talata, Laraba. Ka shiga wurin Bature ka faɗa masa da bakinka, ka nuna masa ƙahon, a fara fitar da Ɗanladi rairayi safe da yamma, kai kana riƙe da igiyar, ba Bube ba. Ɗanmaliki zai juyo ranar Alhamis ashirin ga wata. Ya zo mini da takarda mai hatimi da ta ce san da ke rumfa na Haulatu ne, ba na yanka ba ne, kuma ya ce mini ya ga sawun kofato huɗu a rafi da idonsa.

In azahar ɗin Alhamis ta yi babu wannan, ranar Juma'a da asuba zan hau jaki. Shehu zai biyo ni, Jaji ma ya yarda zai koro nasa farin san, mu tsayar da su biyun a ƙofar Bature ya ƙirga da kansa. Zan ba shi takardar murnar da ya aiko mini, in gaya masa abin da kananzir ya yi. Sannan in kwance sana in koro shi gida a ƙasa, daga inuwa zuwa inuwa, ko za mu yi kwana shida a hanya. Abin da ba ku yi masa a rafi ba hanyar Kaikai za ta yi masa.

In an kore ka, kada ka tsaya jin kunya a Kankiya. Ka ɗauko Rabi da yara ku taho, ɗakin Inna yana nan na share shi. Akwai sa a nan da zai buƙaci mai jan sa safe da yamma har ruwa ya sauka, yana kuka ana ja, kuma ban san wanda ya fi ka dacewa da wannan aikin ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya. Ina sa ka a addu'a kowace buɗa-baki, duk da haka.

Yayarka da ta gaji,
Haulatu